Ƙashi ya ɗoru, saura zuciya: abin da waya ke iya yi ma mai jinyar rauni

Duk wadda ta taɓa jinyar karaya ko ƙuna ta san yadda dubiya ke tafiya. Satin farko gida cike yake: wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo sabulu, wata ta tura dala ɗari ƙarƙashin matashin kai. Sati na biyu ƙafa ta fara ɗaukewa. Kafin wata ya cika kowa ya koma ga sabgarshi, kuma ba laifin kowa ba ne, ga gona, ga kasuwa, ga ɗiya. Sai a bar mai ciwo ita kaɗai tana ƙirga azarar ɗaki. Ƙashin babba kuwa, in na ƙwauri ne ko cinya, yakan yi wata uku ko fiye kafin ya iya ɗaukar nauyin jiki. To cikin waɗannan watanni ne ciwo na biyu ke shigowa, wanda hoton ƙashi na likita ba ya nunawa.

Kun san shi, ko da ba ku san sunanshi ba. Mace mai fara'a ta koma shiru. Barci ya ƙaurace mata, in ya zo kuma sai mafarkin hatsarin ya tashe ta da zufa. Ƙarar moto a bakin ƙofa, gabanta ya faɗi. Wadda ta ƙone wajen tuya ba ta son ko jin ƙamshin mai a wuta. Tuwo ya huce a gabanta, yara su yi ɗan motsi ta hau su da faɗa, daga baya ta yi ta kuka. Mu dai cewa muke tunani ya yi mata yawa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu ma su ce raki ne kawai, ai ciwon ya warke.

Masana lafiya suna da suna biyu ga wanga hali. In baƙin ciki da mutuwar jiki da rashin sha'awar komi sunka wuce sati biyu kullum ba sassauci, suna kiranshi ciwon damuwa. In kuma firgita ce, da ganin abin yana dawowa a ido kamar yanzu yake faruwa, da gudun duk abin da ke tuna shi, har ya zarce wata guda, to ciwon firgici ne na bayan masifa. Ba hauka ba ne. Ba kuma ƙarancin tawakkali ba ne: mace na iya sallarta a zaune, ta yarda da ƙaddara da zuciya ɗaya, amma jikinta ya ci gaba da rawa duk sadda ta ji birki.

Abin ba kaɗan ba ne. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cikin rahotonta na 2023 hatsarin hanya na kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara, waɗanda ke ji ciwo ba su mutu ba kuwa tsakanin miliyan 20 ne zuwa 50. A Ostareliya an bi sawun mutum fiye da 1000 da anka kwantar a likita saboda mummunan rauni, sakamakon ya fito a 2010. Bayan shekara guda, 31 cikin 100 na fama da wani ciwo na zuciya da tunani, kuma 22 cikin 100 ciwo ne da ba su taɓa yin irinshi ba kafin raunin. Can ke nan, inda ake da likitoci da inshora. Ku auna da mai sana'ar da in ba ta fita ba yau, ba a ɗora tukunya.

Shi ya sa nake ganin maganar ta shafi asusu kai tsaye. Wadda zuciyarta ta karye ba ta yin motsin da kine ya ce ta yi, wato mai koya motsa gaɓoɓi. Gwiwa ta sandare, jinyar wata uku ta koma ta shekara. Rashin barci na ƙara zafin ciwo, zafin ciwo na hana barci. Ga zubi na taruwa, ga rance ba a biya ba, kunya ta hana ta ɗaga waya in ta ga lambar ma'ajiya. A haka ƙungiya ke rasa mutum, ba da faɗa ba, a hankali.

Me ke cikin manhajojin nan?

Yanzu ana ta maganar cewa akwai manhaja a babbar waya, abin da yara ke ce ma aplikasiyo, da ke taimakon mai irin wanga ciwo. Gaskiya ne akwai su, kuma ba duka ne shirme ba.

Ɗaya daga cikin tsofaffinsu ita ce PTSD Coach, wadda ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka ta fitar a 2011 saboda sojojin da sunka dawo yaƙi da firgici. Kyauta ce, kowa na iya saukewa, Kanada ma ta yi tata mai Faransanci. Abin da ke ciki bai da wuyar ganewa. Tana bayyana ma mutum abin da ke damunshi da dalilinshi, tana yi mashi tambayoyi lokaci-lokaci don ya ga ko abin na raguwa, tana koya mashi dubarun kwantar da jiki in firgicin ya taso, tana kuma ajiye lambobin mutanen da zai kira in ya ji ya kasa. Su kansu masu ita sun faɗa a fili cewa ba ta maye gurbin likita.

OMS ma ta yi tata, sunanta Step-by-Step, wato taki-taki, tare da ma'aikatar lafiya ta ƙasar Labanan. Darasi biyar ne cikin labari mai zane: wani mai ciwon damuwa yana zuwa wajen ma'aikacin lafiya yana koyon dubaru, mai karatu na koyo tare da shi. Numfashi a hankali, tsara ɗan aikin da za ka yi gobe ko ba ka jin yi, komawa ga mutane, lura da irin maganar da kake gaya ma kanka. An gwada ta ga ƴan ƙasar da kuma ƴan gudun hijirar Siriya, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna waɗanda sunka bi ta sun fi samun sauƙi. Ba don masu rauni anka yi ta musamman ba, amma ciwon damuwa ɗaya ne, ko yaƙi ya kawo shi ko karaya.

Ga abin da ya tsaya mani a rai. Ba a bar mutane da waya kaɗai ba. Kowane mai bin darasin yana da wani mataimaki, ba likita ba, mutum ne da anka ba ɗan horo, da ke kiranshi ko ya aiko saƙo na kamar minti 15 kowane sati: ya darasin, ina ka tsaya, me ya yi wuya. Duk da haka ma da yawa ba su kai ƙarshe ba. Inda babu mai bibiya kuwa abin ya fi muni. Wani bincike na 2019 da ya duba manhajoji 93 na lafiyar tunani ya samu cewa bayan kwana 15 da saukewa, waɗanda ke buɗe su ba su kai 4 cikin 100 ba. Wannan bai ba ni mamaki ba. Ciwon da ke hana ki tashi ki wanke fuska, shi ne zai bar ki ki riƙa buɗe darasi kullum ke kaɗai?

Sai matsala ta biyu, tamu. Waɗannan manhajoji da Ingilishi suke, ko Faransanci, ko Larabci, kuma karatu suke so. Mu da munka yi yaƙi da jahilci da Hausa munka koya, wasu cikinmu sunansu kaɗai suke rubutawa. Ga kuɗin mega, ga rezo da ke zuwa yana tafiya, ga sarji da sai an kai shago. Cikin mu 27 a ƙungiyarmu, shida ke da babbar waya tasu ta kansu. Saura ƙarama ce, ko ta maigida, ko ta ɗa.

Amma akwai labari biyu da sunka fi kama da mu. A arewacin Yuganda an gwada wani tsarin OMS ga mata 694 ƴan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Murya ce anka naɗa da harshen da suke ji, ana sa masu ita suna saurare a taro na mata 20 zuwa 30, zama biyar, da littafi mai zane, mai jagoranci kuma ba likita ba ce. Wata uku bayan nan damuwarsu ta ragu fiye da ta waɗanda ba su bi ba. Mata 20 zuwa 30 zaune suna saurare sau ɗaya a sati: ashe ba taron asusu ke nan ba? A Zimbabuwe kuma wani likitan ƙwaƙwalwa, Dixon Chibanda, ya koya ma tsofaffin mata saurare da taimakon mutum ya warware matsalarshi ɗaya bayan ɗaya, suna zama a benci a harabar likita. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da harshensu ma'anarshi yawan tunani, daidai da yadda muke faɗa.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne, waya igiyar guga ce. Sai da mai ja a bakin rijiya. Masu ja kuwa muna da su tun 1991 da anka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi.

Wayar da ke hannunmu

Bara bayan girbi wata ƴar ƙungiyarmu mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta yi hatsari a hanyar kasuwa. Kabu-kabun da ta hau ya yi karo da amalanke, ƙwaurinta ya karye. Ta yarda in ba da labarin, ban da suna. Tana da rancen jika 30 a kanta. Wajen sati na biyar ta bar amsa gaisuwa, ɗiyarta ta zo ta ce mana: "Inna ba ta kwana, kuma in moto ya wuce sai ta toshe kunne. Tun da anka cire ɗinki ba ta leƙo tsakar gida ba."

Ba mu sauke wata sabuwar manhaja ba. Da abin da ke cikin wayar ɗiyar munka yi aiki: WhatsApp, agogo, abin naɗar murya, da kamara.

Da farko mun raba kwanaki. Mata huɗu, kowace da ranarta, ta aika vokal ko ta kira bayan la'asar, sadda ɗiyar ta dawo lakwal da wayar. Ba mu sa ta cikin gurup na mutum talatin da ake ta turo gaisuwar Juma'a ba, don mai ciwo ba ta buɗe zuciyarta a kasuwa. Kuma mun canza tambaya. Duk Bahaushe in ka ce mashi "ya jiki?" zai ce "da sauƙi", ko yana kan gargara. Tarbiyyarmu ce, ba za mu bar ta ba, amma bayan gaisuwa sai a yi tambayar da "da sauƙi" ba ta amsa ta. Jiya ƙarfe nawa barci ya ɗauke ki? Me kinka ci da rana, kin cinye? Yau kin kai bakin ƙofa? Wa kinka yi hira da shi? A nan gaskiya ke fitowa. Vokal yana da wani amfani da ni ban zata ba: abin da mace ba za ta iya faɗa ido da ido ba, sai ta faɗa ma waya da dare, ta aiko, a saurara da safe.

Na biyu, agogon waya. Kine ya ba ta motsin da za ta riƙa yi ma gwiwa da idon sawu. Ɗiyar ta roƙi izini ta ɗauki bidiyonshi yana nunawa, don kada a manta ko a yi ba daidai ba, ta kuma sa ƙararrawa ta lokacin motsi da ta magani da ta ranar randebu. Kowace Juma'a a ɗauki hoton inda ta iya kaiwa da sandunanta. Mai ciwon damuwa ba ta ganin ci gaba, kullum cewa take "jiya i yau". Da anka jera mata hoto huɗu, na farko a bakin gado, na ƙarshe a gindin bedi na tsakar gida, ta daɗe tana kallo ba ta ce komi ba.

Na uku, naɗin murya don dare. Wata cikinmu mai sanyin murya ta naɗa minti biyar, kuma duk mai so na iya yin irinshi. Ana cewa ta zauna ko ta kwanta yadda ciwon ya bari, ta ɗora hannu a ciki, ta ja numfashi ta hanci a hankali har cikin ya taso, ta sake shi ta baki a hankali fiye da yadda ta ja, kamar mai hura kunu mai zafi. A maimaita kamar sau goma. Sannan ta buɗe ido ta ambaci abu biyar da take gani a ɗakin, da sautin da take ji, da abin da jikinta ke taɓawa, tabarma ce ko zane. Amfanin wannan shi ne ya jawo hankali daga ranar hatsari ya dawo da shi ɗakin da take. Ba sihiri ba ne, kuma ba ya aiki daren farko. Sai an saba da shi lokacin da hankali ke kwance, sannan ya yi amfani lokacin firgita. Da yake naɗin na cikin wayar, ba ya cin mega, ana ma tura shi ta Bluetooth zuwa ƙaramar waya mai katin ajiya. Ita takan bi shi da tasbihinta, ta ce sun dace da juna.

Na huɗu shi ne wanda a ganina ya fi duka: ba ta aiki. Masana sun ce mai ciwon damuwa kada ta jira sai ta ji daɗi sannan ta yi abu, ta fara yin ƙaramin abu, jin daɗin ya biyo baya. Ranar taro sai mu kira ta, a ajiye wayar kan tabarma kusa da akwati, tana ji ana kiran suna ana amsawa. Da yake ta fi mu duka lissafin ka, sai munka ce ita za ta riƙa bin ƙidayar zubi tana tabbatarwa. Rana ta farko da ta katse ma'ajiya ta ce "a'a, ku sake ƙirgawa, saura dala hamsin", dariya munka yi har da masu hawaye. Daga baya ƙanwarta ta riƙa kai mata gyaɗa tana ɓarewa a zaune, tana kuma karɓar odar masu sayen mai ta waya.

Maganar rancen kuwa, taro ya zauna ya ɗaga mata biya wata uku ba tare da ƙarin ruwa ba, kuma shugaba da kanta ta faɗa mata da bakinta, ba a bar ta tana zato ba. Ɗan'uwanta da ke ci-rani ya riƙa turo zubinta ta MyNita. Ina da yaƙinin rabin rashin barcin nan jika 30 ɗin nan ne. Babu numfashin da zai biya bashi.

Moto shi ya fi daɗewa. Ba mu ce mata "ki daure ki hau" ba, ba mu kuma ce ta bar shi har abada ba, don gudun abu na ƙara ma tsoronshi ƙarfi. Taki-taki ta bi: zama a zaure tana jin suna wucewa, sannan tsayawa kusa da na ƙanen mijinta a kashe, sannan zama a kai ba a tayar ba. Yau tana zuwa kasuwa, amma har yanzu in da hali ta fi son mota, kuma ba wanda ya ce mata don me.

Wani abu da ya kamata masu kira su kiyaye: kada a matsa ma mai rauni ta ba da labarin hatsarin. Mu da son jin ƙwaƙwaf, kowa ya zo dubiya sai ya ce "wai ya abin ya faru?", ta maimaita sau ashirin a yini. OMS ta yi hani da tilasta ma wanda masifa ta samu ya zayyana abin da ya gani da sunan a rage mashi nauyi. In ta so faɗa, a saurara har ta gama, ba katsewa, ba "ai ke taki da sauƙi, wance ma ƙafar anka yanke". In ba ta so, a yi hirar farashin hatsi.

Inda waya ke cuta

Wayar da ke kawo sauƙi ita ce kuma ke kawo bidiyon hatsari da jini a gurup, wani lokaci ma na mai ciwon kanta, wanda wani ɗan kallo ya ɗauka a bakin hanya. Don Allah mu bar tura irin wannan. Hoton ciwo ko na tabon ƙuna kuma ba a tura shi ga kowa sai da yardar mai shi, ko da niyyar neman taimako ce. Hoto in ya fita ba ya dawowa, kuma ita ce za ta zauna da shi a gari.

Sai masu tallar magani a Facebook da TikTok, mai ɗora ƙashi cikin kwana bakwai, mai cire tsoro da hayaƙi, a turo kuɗi tukuna. Da masu ba da shawarar a sayi tramol ko ƙwayar barci wajen mai tebur. Tramadol maganin ciwo ne na gaskiya in likita ya rubuta shi da ƙa'ida, amma yana kama mutum, kuma mun ga yadda ya yi da samarinmu. Ƙwayoyin barci irin su diazepam kuwa, tun 2013 OMS ta ce kada a ba wanda ke cikin firgicin watan farko bayan masifa, don ba sa warkar da shi kuma ana sabawa da su. Kwana kallon bidiyo har asuba shi ma ba hutu ba ne. Mai jinya ta ajiye waya nesa da matashi in ta gama sauraren naɗinta.

Asiri kuma fa? Wayar aro kunnuwa gare ta da yawa. Kafin ki aika ma mace vokal kan abin da ke zuciyarta, ki san wa ke riƙe da wayar da dare. In ta maigida ce ko ta ɗan kishiya, a tsaya ga gaisuwa, sauran magana a yi ta baki da baki. Wannan ya fi tsanani in raunin daga duka ne a cikin gida, ba hatsari ba, don saƙo ɗaya da anka gani na iya jawo mata wani dukan. Su ma manhajojin waje ba duka ke riƙe amana ba: a 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin BetterHelp biyan dalar Amurka miliyan 7.8 saboda ya ba kamfanonin talla, har da Facebook, bayanan masu neman taimako. In ɗanki zai sauke maki wata, ki tambaye shi wa ya yi ta, kuma me take nema. Wadda ta ce sai kin ba ta lambobin mutanenki da hotunanki, ko ta yi alkawarin warkarwa cikin sati, a goge ta.

Lokacin da za a ajiye waya a nemi mota

Akwai inda vokal ba ya kaiwa. In mace ta fara cewa gara ta mutu, ko ta ce ta zame ma kowa kaya, ko tana rabon ƴan kayanta, kada a ce wasa take, kada kuma a tsaya yi mata wa'azi. A tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta sa ma mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake ji an gane. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a kai ta likita ranar. Haka in ta bar ci da sha, ko ta kasa kula da jinjirinta, ko tana jin muryoyi, ko an yi wata guda firgicin na ƙaruwa maimakon raguwa. A fara da CSI mafi kusa, a gaya ma majo abin da ake gani ba tare da ɓoye-ɓoye ba, shi zai san inda zai tura. Akwai masu aikin lafiyar ƙwaƙwalwa a manyan likitoci, kamar sashen da ake kira Pavillon E a babbar likitar ƙasa ta Yamai, kuma zuwa wajensu ba ya nufin an haukace.

Wanda ya bugu a kai kuma ya fara amai, ko yawan barci, ko rikicewar magana, wannan ba tunani ba ne, gaggawa ce. Haka zazzaɓi da wari daga ciwo, ko yatsun da sunka kumbura sunka yi sanyi ƙarƙashin filasta ko karan ɗori. Ana iya tura hoto ga ma'aikacin lafiya in ya yarda, amma kada jiran amsarshi ya hana tafiya.

Ƴan uwanmu na yankin Madarunfa da Gidan Runji, inda harin ƴan bindiga ya bar mutane da raunin harsashi da na sara, nauyinsu ya fi wanda na zayyana, don abin da ya ji masu ciwo bai wuce ba, yana iya dawowa gobe. Ƙungiyoyin can su fi kowa saurin haɗa mai rauni da ma'aikatan lafiya, su kuma lura da masu kiran kansu. Wadda ke sauraren irin wannan labari kullum ita ma tana ɗaukar kaya, shi ya sa ake karɓa-karɓa.

A taronmu na rabon bara mun ƙara layi biyu cikin dokar ƙungiya. Duk wadda rauni ya kwantar fiye da sati biyu, za a naɗa mata masu kira huɗu har ranar da ta dawo taro da ƙafarta, kuma kiredin kiran daga asusun taimako zai fito, ba daga aljihun masu kira ba. An yi gardama a kai. Wata dattijuwarmu ta ce asusun taimako na magani ne da suna da rasuwa, ba na hira ba, kuma in anka buɗe wannan ƙofa kowa zai ce a saya mashi mega. Maganarta na da ƙamshin gaskiya, shi ya sa munka yanke iyaka, dala ɗari a sati, magatakarda na rubutawa. Shawarar sayen babbar waya guda ta ƙungiya, wadda za a riƙa ba mai jinya aro, ita ba ta wuce ba tukuna. An tsaya kan wa zai riƙe ta in ba mai ciwo, da wa zai biya in ta faɗa ruwa. Mun ɗaga maganar zuwa bayan kaka. Ƙungiyar da ta riga ta gwada haka, a Damagaram ko Tawa ko wani wuri, ta aiko ma wannan jarida yadda ta tsara nata.